Yadda Za Ka Hana PowerPoint Yi Maka Shisshigi a Aikinka

Ana gobe ƙanwata za ta kare aikin bincikenta na kammala digiri, muka zauna a falo har ƙarfe ɗayan dare tana maimaita jawabinta. Minti goma sha biyar aka ba kowane ɗalibi, ita kuwa shafukanta ashirin da biyu ne, don haka ta danna Rehearse Timings ta ga ko lokacin zai ishe ta. Da ta kai ƙarshe wani ɗan akwati ya fito da tambaya da Turanci, ta danna Yes ba ta karanta ba, ta rufe kwamfutar. Washegari da azahar ta kira ni muryarta na rawa. "Yaya, wallahi ban taɓa komai ba. Malam ya tsayar da ni yana tambaya a kan jadawalin shafi na tara, ina cikin ba shi amsa sai na ga allon ya wuce na goma, ya wuce na sha ɗaya. Na dawo da shi, ya sake tafiya."

Abin da akwatin nan ya tambaye ta shi ne ko tana so a adana daƙiƙoƙin da ta ɗauka a kan kowane shafi. Da ta amsa, sai manhajar ta ɗaura wa kowane shafi agogo, ta riƙa juya su da saurin da aka yi a falo, inda babu malamin da zai katse ta. Ta ci jarrabawar, alhamdulillahi, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin wata shida yarinyar nan ta yi tana wahala a kan aikin, kuma cire alama ɗaya tak zai hana faruwar hakan. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini shafukansa in duba, sai mun fara kashe irin waɗannan abubuwan kafin mu taɓa rubutun.

PowerPoint ta fito a 1987, kuma tun lokacin ake ta ƙara mata dabarun yi wa mutum aikin da bai sa ta ba. An gina dabarun ne da tunanin mai rubuta Turanci, mai intanet da ba ya yankewa, wanda zai yi jawabinsa a kan kwamfutar da ya shirya shi. Mu kuwa sau da yawa da Hausa muke rubutu, ko Hausa da Turanci a gauraye, mu shirya a laftof ɗin aro, mu zuba a filashi, mu je a buɗe mana a kwamfutar sashe ko ta masu shirya taro. Shi ya sa taimakon nata yake zame mana garin gyaran gira a rasa ido.

Ka fara sanin inda kowane saiti yake zaune

Saitunan nan iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutum ya gyara abu a gida, ya je ɗakin taro ya tarar ya dawo. Akwai waɗanda ke zaune a cikin kwamfutarka: yawancin abin da ka canza ta File, sannan Options, na wannan kwamfutar ne kaɗai, ba ya bin fayil zuwa wata. Akwai kuma waɗanda ke manne da fayil ɗin, duk inda ka kai shi suna tare da shi: agogon shafuka, yadda akwatin rubutu ke matse kalmomi, nau'in haruffa, kwanan wata, yadda bidiyo ke tashi. Na farkon don sauƙin aikinka ne lokacin da kake bugawa. Na biyun su ne ke iya kunyata ka a bainar jama'a, don haka in gobe ne taronka, ka fi mai da hankali a kansu.

Sunayen da zan ambata na PowerPoint ɗin Windows ne mai Turanci, daga na 2013 zuwa Microsoft 365. A kan Mac, ka nemi irinsu a ƙarƙashin PowerPoint, sannan Preferences.

Ƙofar da mafi yawan fitinar take

Ka danna File, ka sauka ƙasa ka danna Options, ka zaɓi Proofing a hagu, sannan AutoCorrect Options. Akwatin da zai buɗe yana da sassa a samansa. Biyu ne namu: AutoCorrect da AutoFormat As You Type.

Ka fara da AutoFormat As You Type. Layin farko, wanda ke maganar smart quotes, shi ne ya fi cutar da mai rubuta Hausa, kuma mutane da yawa ba su ma lura ba. Ka buga 'ya'ya a wani shafi, ka ƙara girman haruffan ka duba da kyau. Alamar da ke farkon kalmar ta lanƙwashe kamar ƙaramar lamba 6, ta tsakiya kuma kamar 9. Manhajar ta ɗauka za ka buɗe zancen wani ne, sai ta juya ta farkon. A ƙaramin allo ba a gani sosai, amma da majigi ya haska "'yan makaranta" a bango da manyan haruffa, duk wanda ya san ƙa'idar rubutu zai gani. Ka cire alamar da ke gaban wannan layin, daga nan duk za su riƙa fitowa a miƙe, iri ɗaya. In kuma lanƙwasasshiyar kake so, ka bar saitin, amma a farkon kalma ka buga alamar sau biyu ka goge ta farko, ta biyun za ta tsaya daidai. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan. Ka sani cire alamar ba ya gyara abin da ka riga ka buga. Wannan sai ka danna Ctrl da H, ka kwafo karkatacciyar ka musanya ta da miƙaƙƙiya.

A sashen nan dai, ka cire alamar Automatic bulleted and numbered lists, wanda ke mai da layinka jeri da zarar ka fara da "1." ko da ɗan karan ɗori. Ka cire ta Internet and network paths with hyperlinks, wanda ke shafa wa adireshin imel ɗinka shuɗi ya ja masa layi. Ba muni kaɗai ba ne matsalarsa: kana tsakiyar jawabi, ka danna don wucewa gaba, in kibiyar maus tana kan adireshin sai wata manhaja ta buɗe a gaban kowa. Na Fractions ma ka kashe shi in kana aiki da lissafi, domin yana mai da 1/2 da 1/4 da 3/4 ƙanana amma ya bar 1/3 da 2/3 yadda suke, jadawali ɗaya ya fito da kamanni biyu. A ƙasa akwai layuka biyu masu farawa da AutoFit. Ka cire alamarsu duka, bayaninsu na nan tafe.

Yanzu ka koma sashen AutoCorrect. Capitalize first letter of sentences shi ne ke ɗaga harafin farko bayan kowace aya. Ka rubuta "Alh." ko "Mal." a tsakiyar jimla, kalmar da ta biyo sai ta zama babba ko da ba suna ba ce. Ɗaliban kimiyya sun fi kowa shan wahalarsa: pH a farkon layi ya koma PH, kg ya koma Kg, kuma malamin da ya san aikinsa ba zai yi shiru a kan wannan ba. Ka kashe shi, ka kashe ɗan'uwansa na table cells da ke yin haka a cikin jadawali.

Ƙasa da su akwai Replace text as you type da dogon jerin kalmomi. Kada ka kashe shi gaba ɗaya, domin yana da amfani. Ka shiga jerin ka fitar da masu damunka ɗaya bayan ɗaya. Na farko ƙaramin i, wanda ake mayarwa babban I saboda Turanci. Duk mai rubuta "i ko a'a" a takardar tambayoyi, ko mai ƙirga da i, ii, iii, ya san wannan takaicin. Ka buga i a gurbin Replace, layinsa zai fito, ka danna Delete. Haka za ka yi wa (c), wanda ke komawa ©, da (r) mai komawa ®, da (e) mai komawa alamar kuɗin Yuro. Malamin da ke jera zaɓin amsa (a), (b), (c) a shafi ya sha ganin na ukun ya rikiɗe. Jerin nan na tarayya ne da Word da Excel, saboda haka gyaran da ka yi nan zai amfane ka can.

Tunda ka shigo, ka sa jerin ya yi maka bauta. In kwamfutarka ba ta da kibod ɗin Hausa, ka ƙara kalmomin da ka fi yawan bugawa: qasa a gurbin Replace, ƙasa a gurbin With, ka danna Add. Haka qungiya ta zama ƙungiya, qarshe ya zama ƙarshe. Dogayen sunaye kuma ka ba su laƙabi, kamar khk ta zama "ƙaramar hukuma". Cikakkiyar kalma yake musanyawa, kuma sai ka bar tazara ko ka sa aya bayanta. Ka dai zaɓi laƙabin da ba kalma ba ce ta gaske.

In kana kan kwamfutar wani, ba ka da damar taɓa masa saiti, akwai maganin nan take. Da zarar manhajar ta canza maka abu, kafin ka buga komai, ka danna Ctrl da Z sau ɗaya. Gyaran nata kaɗai zai warware, rubutunka ya tsaya yadda ka buga shi.

Jan layin da ke cika shafi

Ka rubuta shafi guda da Hausa, kusan kowace kalma ta samu jan layi mai zigizag a ƙasanta, har ido ya kasa karatu. Layin ba ya fitowa lokacin da ake haska jawabi, amma yana nan a 'yan daƙiƙoƙin da ka buɗe fayil a gaban mutane kafin ka danna F5, maɓallin da ke fara haska jawabin. A shafin Proofing ɗin nan, ka cire alamar Check spelling as you type. In kana so gyaran ya bi fayil ɗin zuwa wata kwamfuta, ka zaɓi rubutun, ka je Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling. Don kada ka bi akwati akwati, ka shiga View, Outline View, ka danna cikin jerin rubutun na hagu, Ctrl da A, sannan ka yi saitin. Wannan zai kama kanun shafuka da rubutun cikin gurabensu na asali. Akwatunan da ka zana da hannunka sai ka bi su daban.

In jawabinka da Turanci ne, kada ka rabu da mai duba kuskuren. Ka kashe jan layin in yana raba maka hankali, amma da ka gama ka danna F7 ya bi maka shafukan duka.

Rubutun da ke ƙanƙancewa da kansa

Wannan shi ne wanda na fi ƙi. Kana ƙara layi a shafi, haruffan na raguwa kaɗan kaɗan ba tare da an tambaye ka ba, tazarar layuka na matsewa, don komai ya shige cikin akwati. A ƙarshe shafi na uku yana da manyan haruffa, na huɗu matsakaita, na biyar sai mai zaune a layin gaba ne zai karanta. Masu fassara jawabi daga Turanci zuwa Hausa su ne suka fi faɗawa wannan ramin, domin abin da Turanci ya faɗa da kalma biyu sau da yawa Hausa sai ta yi huɗu ko biyar, akwatin kuwa an auna shi ne da Turancin. Na taɓa zama a bayan wani ɗakin taro, ana wayar da kan unguwarzoma a kan alamomin haɗari ga mai juna biyu. Shafin da ya fi kowanne muhimmanci, mai jerin alamomin, shi ne ya fi ƙananan haruffa, saboda shi ya fi yawan rubutu. Wata dattijuwa kusa da ni ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar, ta sake cirewa, daga ƙarshe ta rufe littafinta ta naɗe hannu.

Laifin AutoFit shi ne yana ɓoye maka gaskiya. Rubutun da ya tumbatsa ya fita daga akwati yana gaya maka ne ka cika magana a shafi ɗaya. Da ka ga haka za ka rage ko ka raba. Shi kuwa sai ya lulluɓe matsalar, ka tafi da ita taro.

Alamomi biyun da ka cire ɗazu sun hana shi a kwamfutarka. Amma kowane akwati yana ɗauke da nasa umarnin a cikin fayil, kuma in aka buɗe a wata kwamfuta aka taɓa rubutun, matsewar za ta iya dawowa. Don haka ka gyara daga tushe. Ka shiga View, Slide Master. A hagu ka hau can sama ka danna babban shafin farko, wanda sauran ke rataye a ƙarƙashinsa. Ka danna dama a kan akwatin rubutun, ka zaɓi Format Shape, Text Options, sannan alamar Text Box. Zaɓi uku za ka gani: Do not Autofit, Shrink text on overflow, da Resize shape to fit text. Ka ɗauki na farko. Ka yi haka ga akwatin kanu, ka leƙa ƙananan shafukan ƙasa ka tabbatar sun bi, sannan Close Master View. Shafukan da suka riga suka matse, ka zaɓe su ka danna Reset a Home su koma girmansu na asali. Reset yana share gyaran hannu da ka yi wa guraben, kamar launi ko matsar da akwati, saboda haka ka gwada a shafi ɗaya tukuna.

Akwatunan da kake zanawa da kanka ta Insert, Text Box, nasu halin daban ne: suna kumbura ko su tsuke gwargwadon rubutu. Ka saita ɗaya yadda kake so, ka danna dama a bakin layinsa, ka zaɓi Set as Default Text Box, duk wanda ka zana bayan nan a fayil ɗin zai gaje shi.

To in rubutu ya tumbatsa fa? Wata ƙaramar alama za ta fito a gefen hagu na ƙasan akwatin. Ka danna ta, akwai Split Text Between Two Slides, ta raba maka shi gida biyu. Ni a nawa aikin ba na sauka ƙasa da 24 a girman haruffan cikin shafi in ɗaki ne babba. Shafi ba kuɗi ake saya ba, ka ƙara wani.

Haruffa masu lanƙwasa da kwamfutar da ba taka ba

Ba kowane nau'in haruffa ne ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. In wanda ka zaɓa ba shi da su, PowerPoint ba za ta gaya maka ba, sai ta aro su daga wani nau'in ta cusa. Shi ya sa za ka ga "ƙasa" da ƙ ɗinta siririya ko doguwa, kamar baƙuwa a cikin kalmar. Kafin ka fara aiki, ka buga wannan layin da nau'in da kake so: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, kusa da B b D d K k Y y, ka gwada shi da kauri da kuma a karkace. In kaurinsu da tsayinsu sun yi daidai, ka ci gaba. Arial da Times New Roman da Tahoma na Windows suna da su.

Irin wannan aron yana faruwa ga shafi gaba ɗaya. Tun 2007 Calibri ne nau'in da Office ke farawa da shi, har Microsoft ta sanar da maye gurbinsa da Aptos a 2023. In ka shirya jawabi a sabuwar Microsoft 365 da Aptos, ka kai shi kwamfutar sashe mai Office 2016, ba ta da shi, sai ta sa wani a madadinsa shiru. Faɗin haruffa ya canza, kanun da ke layi ɗaya ya karye biyu, jadawali ya hau kan hoto. Mafi sauƙin kariya ita ce ka yi amfani da nau'in da kowace kwamfuta take da shi. In ka riga ka gama, ka je Home, ka danna 'yar kibiyar da ke gefen Replace, ka zaɓi Replace Fonts, ka musanya duka a lokaci guda. In kuma lallai sai wani nau'i na musamman, ka shiga Options, Save, ka sa alama a Embed fonts in the file, ka zaɓi Embed all characters. Wannan, ko da yake a Options yake, fayil ɗin yake bi. Yana ƙara masa nauyi, kuma akwai nau'o'in da masu su suka hana a ɗauke su haka.

Hotuna, zane da liƙe-liƙe

In kana jan hoto yana fizgewa ya manne inda ba ka so, ka riƙe Alt yayin da kake ja, zai bi hannunka. Don matsarwa kaɗan kaɗan, Ctrl da maɓallan kibiya. In kana so fizgar ta daina gaba ɗaya, a View ka danna ƙaramar kibiyar da ke kusurwar rukunin Show, ka cire alamar Snap objects to grid. Jajayen layukan da ke fitowa su nuna maka cewa abu biyu sun daidaita kuwa, ni ina barin su, suna da amfani.

Hoton da ka liƙa yakan faɗa cikin gurbin da ba kowa a shafin, ya canza girma, wani lokaci a datse masa kai ko gefe. Ka sauya tsarin shafin zuwa Title Only ko Blank ta Home, Layout, kafin ka saka hoto. In an riga an datse, Picture Format, kibiyar Crop, Fit, zai dawo cikakke.

Designer, wanda ke buɗe faifai a dama da zarar ka saka hoto yana ba ka shawarar ado, da intanet yake aiki. In wayarka ce ke ba kwamfutar data, kuɗinka yake ci a kan shawarar da ba ka nema ba. A Options, General, ka cire alamar da ke cewa a nuna maka design ideas kai tsaye. Duk ranar da ka so shi, yana nan a Design.

Masu taswira, hoton awon asibiti ko hoton tsohon rubutun ajami, inda ƙananan layuka ke da muhimmanci, su shiga Options, Advanced, su sa alama a Do not compress images in file kafin su fara adana fayil ɗin, domin ingancin da aka rage ba ya dawowa.

Rubutun da ka kwafo daga Word ko intanet yakan zo da launinsa da girmansa. Da ka liƙa, ka danna 'yar alamar da ta fito a gefensa ka zaɓi Keep Text Only. Kuma in kana son zaɓar rabin kalma maus yana kama ta duka, a Advanced ɗin nan ka cire When selecting, automatically select entire word. Kusa da shi akwai Maximum number of undos, wanda yake kan 20. Ka kai shi 100.

Abin da za ka bari, har ma ka ƙara masa ƙarfi

A Options, Save, akwai Save AutoRecover information every 10 minutes. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga batirin laftof da ya gaji, wannan abokinmu ne. Ka mai da 10 ɗin 3.

AutoSave daban ne. Shi ne makunnin da ke can sama a hagu a Microsoft 365, mai aiki a fayilolin da ke OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Yana adana kowane canji nan take. In ka buɗe jawabin bara don ka gina na bana a kansa, ka fara goge shafuka, to na baran kake gogewa. Ka fara da File, Save a Copy, ka ba shi sabon suna, sannan ka taɓa komai. In aikin gama ya gama, File, Info, Version History zai nuna maka tsofaffin kwafi ka dawo da wanda kake so.

Daren jajibiri da safiyar taro

Mu koma kan abin da ya sami ƙanwata. Ka shiga Slide Show ka cire alamar Use Timings. Sannan Set Up Slide Show, a ƙarƙashin Advance slides, ka zaɓi Manually. Don ka tumɓuke agogon daga saiwa, ka danna kowane shafi a jerin hagu, Ctrl da A su zaɓu duka, ka je Transitions, a can dama ka cire alamar After, ka bar On Mouse Click. Hanyar ganewa cikin sauri ita ce View, Slide Sorter: duk shafin da ke da agogo za ka ga lokacinsa rubuce a ƙasansa.

In akwai bidiyo ko sauti, ka danna shi, ka je Playback, ka duba Start. In yana kan Automatically, da shigarka shafin zai tashi, ko da kana tsakiyar gabatar da shi. Ka mayar When Clicked On. Kwanan watan da ke ƙasan shafi kuma, ka duba Insert, Header & Footer. In yana kan Update automatically, rahoton da ka rubuta a watan Maris zai nuna ranar da aka buɗe shi, ko bayan shekara ne. Ka zaɓi Fixed ka rubuta da hannunka. Jadawalin da ka ɗauko daga Excel da mahaɗi yakan sa a tambaye ka Update Links da buɗe fayil. In alƙaluman sun kammala, ka je File, Info, Edit Links to Files, ka danna Break Link, bayan ka ajiye kwafin da ba a yanke ba.

Masu aiki da Google Slides, irin waɗannan makunnan suna Tools, Preferences, na matse rubutu kuma yana Format options, Text fitting. A LibreOffice Impress, Tools ne, AutoCorrect Options.

Sai majigi. Daga ta 2013, da ka haɗa kwamfuta da majigi PowerPoint kan raba allon da kanta: jama'a su ga shafi, kai ka ga Presenter View mai bayanan sirrinka da shafi na gaba. Abu ne mai kyau in ya tafi daidai. Wani lokaci kuwa yakan juye, bayananka su hau bango. In haka ta faru, a saman Presenter View ka danna Display Settings, ka zaɓi Swap Presenter View and Slide Show. In ba ka bukatarsa sam, ka cire alamar Use Presenter View a Slide Show, ka danna maɓallin Windows da P, ka zaɓi Duplicate, abin da ke gabanka shi ke bango. Wannan saitin na kwamfuta ne, don haka a wadda za ka yi jawabin a kanta za ka duba shi, ba a taka ta gida ba.

Kafin ka kwanta, ka fitar da kwafin PDF ta File, Save As, ka sa shi a filashi tare da na PowerPoint, ka kuma tura wa kanka duka biyun a waya. PDF ba ya motsi, ba ya kunna bidiyo, amma haruffanka da tsarinka suna nan yadda ka bar su, kuma Ctrl da L a Adobe Reader zai cika allo da shi. Da safe ka riga jama'a isa, ka roƙi mai kula da na'ura ya ba ka minti biyar. Ka buɗe fayil ɗin a kwamfutarsu, ka danna F5, ka wuce zuwa shafin da ya fi yawan rubutu, ka taka har kujerar ƙarshe ka karanta shi daga can. Sannan ka dawo ka tsaya a kan shafi ɗaya, ka ɗauke hannunka daga kwamfutar, ka ƙirga sittin kana kallon bango, ka ga ko zai motsa.